Abin da Yatsa Bai Ji Ba

A hunturun bara na raka ƙanena gaisuwar rasuwa wani ƙauye bayan Dambatta, cikin motarsa 'yar Kwatano da bai daɗe da saya ba. Ba ta da maɓallan da muka saba da su. Rediyo da na'urar sanyi duk suna cikin wani allon gilashi, wanda idan ka taɓa sai ya yi 'yar karkarwa a ƙarƙashin yatsa, alamar ya karɓi umarni. A kan kwalta abin ya burge ni.

Da muka sauka hanyar burji mai gargada, sai ƙura ta fara shigowa. Ya miƙa hannu don ya rufe iskar waje, ya danna sau biyu bai ji komai ba, sai ya sunkuyar da kai ya duba. Kafin ya ɗago, wani yaro ya fito daga bayan tarin karan dawa yana kora awaki. Birki ya kama, Allah ya kiyaye, amma tazarar ba ta kai taku uku ba. Ƙanena ya daɗe riƙe da sitiyari kafin ya ce, "Yaya, wallahi na danna, ban ji ya amsa ba."

Allon ya amsa, jijjigar hanya ce ta haɗiye amsar. Masana sun nuna cewa fatar ɗan Adam ta fi saurin jin karkarwar da ke kaɗawa kusan sau 250 a sakan guda, kuma da irin wannan sani injiniyoyi ke lissafa ƙarfin da za su sa wa allo. Sai dai jin yana raguwa da tsufa, yana raguwa idan hannu ya yi sanyi, yana kuma dushewa idan wata girgizar ta rufe shi. Lissafin da bai san hanyarmu ba zai gamsar da mai gwaji a ɗaki, ya bar direba a ƙauye yana lalube.

Su ma Turawa sun farga. A 2022 mujallar Vi Bilägare ta ƙasar Suwidin ta gwada ayyuka huɗu cikin tafiya: a tsohuwar Volvo ta 2005 mai maɓallai direba ya gama cikin sakan 10, a wata sabuwa mai allo kuwa ya haura sakan 40. Hukumar Euro NCAP ma ta sanar cewa daga 2026 za ta rage wa mota maki idan sigina da hon da waifa da fitilun gargaɗi ba su da abin kamawa da hannu.

Mu abin ya fi shafa. A ƙasarmu gona na manne da gona, ƙauye na hango ƙauye, bakin hanya bai rabuwa da yara da amalanke da masu tallan fura. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa tana cin mita 33 cikin sakan biyu. Na tuna Fijo 504 ta mahaifinmu, haɗin Kaduna. Cikin duhu yakan kai hannu ga duk abin da yake so, idonsa na kan hanya.

Don haka mai neman mota kada ya tsaya ga ƙyallin allo a wurin dillali. Ya hau da ita gargada, ya ga ko zai iya sarrafa ta bai kalle ta ba. Ƙanena dai yanzu kafin ya tayar yake saita komai, in kuwa buƙata ta taso a hanya, sai ya gangara gefe ya tsaya.