Daga Maraɗi zuwa lakwal ta makafi a Yamai

Ƴan uwa manoma da makiyaya, a wannan wata jaridarku ta yi tafiya zuwa Yamai domin ta gano muku inda ake kai wanda ganinsa ya tafi. Kusan kowane gari akwai makaho. Wani yana zaune cikin ɗaki, wani yana bara, an fid da jikansa daga lakwal ya zama ɗan jagora.

Mun tashi daga tashar Maraɗi da asuba. Tsakanin Maraɗi da Yamai ya fi kilomita 600. Mun wuce Tsibiri da Gidan Rumji da Madawa, sai Galmi, garin albasa, inda akwai asibitin mishan tun 1950. Daga nan Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso. Duk inda mota ta tsaya, sai ka ji muryar masu bara a bakin taga, da yawansu makafi.

Da maraice muka iso bakin kogin Isa. A da, a ƙauyukan da ke kusa da rassan wannan kogi, wajen Say da Tera, akwai wani ɗan baƙin ƙuda da cizonsa ke sa tsutsa cikin jiki har ta makantar da mutum. An yi shekaru ana yaƙi da shi. A shekarar 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijar ta rabu da wannan cuta, ita ce ta farko a Afirka.

Washegari muka nufi lakwal ta makafi mai sunan Soli Abdurahaman. Yara na karatu da yatsa. Rubutunsu ƴan ƙuraje ne a bisa takarda mai kauri. Kowane baƙi yana da gurbi 6, biyu a kwance, uku a tsaye. Yaro ya kan sa takarda cikin wani allo mai ramuka, ya riƙa hudawa da ɗan tsinken ƙarfe daga dama zuwa hagu. Sa'an nan ya juya takardar, ya shafa daga hagu zuwa dama. Wanda ya ƙago wannan rubutu ɗan Faransa ne, Luwi Birai. Ubansa baduku ne. Yana da shekara 3 ya soki idonsa da kayan aikin uban, daga baya ya makance. Littafinsa ya fito a 1829.

Ban da karatu da lissafi, ana koya wa makaho tafiya da farar sanda. Sandar tana gaba, tana taɓa dama da hagu, tana faɗa masa inda rami yake. Wanda ya iya ta zai je masallaci da kasuwa shi kaɗai, ɗan jagora kuwa ya koma aji. Babban mutum da ya makance ma bai ƙare ba. Hannun da ya saba tufkar igiya da saƙar tabarma da kiwon tumaki bai mance ba.

To, ina za a fara? A fara da likitar da ta fi kusa da ku. Ba kowace makanta ce ta har abada ba. Yanar ido ta tsofaffi aiki ake yi mata, mutum ya koma gani. Amodari, wanda ke juya gashin ido ciki, shi ma yana da magani da ɗan aiki, in an zo da wuri. Ma'aikacin likita zai ba ku takarda zuwa asibitin da ke da masu duba ido. Kada ku miƙa ido ga masu tsokana da allura a kasuwa.

In likitan ido ya ce gani ba zai dawo ba, kada ku koma gida haka nan. Ku tambaye shi inda za ku samu ma'aikatan kula da jin daɗin jama'a da ƙungiyar makafi ta ƙasa. In yaro ne, ku tafi da takardar haihuwarsa, domin za a nemi ta wajen rubuta shi.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa da ke da makaho a gida.