Harafi Guda da Ya Tsayar da Alhaji a Kan Iyaka

Yau kuskuren kaina zan ba ku labari, ko Allah ya sa wani ya tsira da shi.

Shekara ashirin ke nan ina koyar da Turanci a Yawunde. Saboda haka duk mai takarda a unguwarmu ta Biriketeri wurina yake kawowa. Bara wani maƙwabcina, Alhaji mai sayar da atamfa, haifaffen Maraɗi, ya shirya tafiya Bata a ƙasar Gini Ikwatoriya. Can da Sifaniyanci ake aikin hukuma, domin Sifen ce ta mulke su har 1968. Ya ce, "Malam, cika mini wannan." Kunya ta hana ni in ce Sifaniyancina na ƙamus ne. Da na iso gurbin ƙasa, sai na duba Nigerian, na rubuta nigeriano.

Ashe nigeriano mutumin Najeriya ne, mutumin Nijar kuwa nigerino. Harafin "a" kaɗai ya raba su. Da Alhaji ya wuce Kiyosi, aka ga fasfo na faɗin abu guda, takarda na faɗin wani. Kwana biyu ya yi a kan iyaka, motar kayansa ta tafi ta bar shi.

'Yata ce ta gano mini laifina, ita da ke koyon harshen a sakandare. Ta ce, "Baba, kai da idon Turanci kake dubawa." Ta zaunar da ni kamar ɗan aji ɗaya. Turanci bai damu da mace ko namiji ba, Cameroonian kawai. Sifaniyanci kuwa yana cewa camerunés ga namiji, camerunesa ga mace, kamar yadda muke cewa Bahaushe da Bahaushiya. Kuma da ƙaramin baƙi ake fara su, saɓanin Turanci. Kalmar inglés na nufin mutumin Ingila da harshensa gaba ɗaya, inda mu muka raba Bafaranshe da Faransanci. German kuwa alemán ne, ko kama babu. Mutumin Amurka estadounidense, domin americano kan haɗa har da na Meziko da Ajantina. Ɗan Gini Ikwatoriya ecuatoguineano, amma ecuatoriano ɗan Ekwado ne, can Kudancin Amurka.

Na je na ba Alhaji haƙuri, na ce zan biya kuɗin masaukinsa. Ya ƙi karɓa, ya ce, "Malam, Allah ya kiyaye gaba." Wannan ya fi mini zafi da a ce ya yi faɗa.

'Yan'uwa masu zirga-zirga tsakanin nan da Bata ko Malabo, ku dubi gurbin ƙasa da kyau kafin ku sa hannu. Mu kuma da ake kira malamai, in ba mu sani ba mu tambaya, ko da 'ya'yan cikinmu ne. Yanzu duk takardar Sifaniyanci da ta shigo gidana, sai 'yata ta duba kafin ta fita.

Allah ya sa mu dace, amin.