Ranar da ɗiyata ta nuna mini garkar mahaifina a taswira

Ranar da ɗiyata ta fari ta samu bakaloreya, gidanmu ya cika da guɗa. Bayan ƴan makonni, da takardar rabon fannoni ta fito aka ga an tura ta sashen labarin ƙasa a jami'ar Damagaram, sai gidan ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Yayana ya zo har zaure ya tambaye ni: "To shi wannan karatun, idan an gama, me ake ci da shi?" Na rasa amsa. Ni da na fi shekara ashirin riƙe da alli, ni da nake koyar da wannan darasi kowane mako, ban iya kare shi ko da jimla ɗaya ba. Gaskiyar magana, ni ma a raina likitanci na so mata, ko aƙalla aikin ungozoma. Na ce mata ta yi haƙuri ta tafi, wataƙila baɗi a samu hanyar canji.

Dalilin da ya sa na rasa amsa shi ne irin labarin ƙasar da na sani. A makarantar horar da malamai ta Askia Mohamed da ke Damagaram an koya mana yadda ake shirya darasi da yadda ake riƙe aji, kuma ina godiya. Amma abin da na ɗauko na riƙa zuba wa yara hadda ce: sunayen jihohi takwas, ƙasashe bakwai da muke iyaka da su, tsawon kogin Kwara. Yaro ya rera su kamar karatun allo, ya ci jarrabawa, ya fita daga aji ya taka rairayin da ke shirin binne gonar ubansa, bai taɓa tunanin cewa wannan rairayin yana da alaƙa da darasin da ya bari a cikin aji ba. Ni ma ban taɓa haɗa masa su ba.

Wanda bai san Gure ba, bari in kwatanta masa. Garin yana kan babbar hanyar da ta tashi daga Yamai ta bi ta Damagaram zuwa Diffa, tafiyar kilomita ɗari da sittin da wani abu gabas da Damagaram. Ruwan saman da muke samu a shekara bai wuce kimanin milimita 300 ba, wata shekarar ya ɗara, wata ya gaza. Abin da ya riƙe mutane a nan tun kaka da kakanni shi ne kwarurrukan da ke tsakanin tuddan rairayi, inda ruwan ƙasa yake kusa. A gefen kwari goruba ce ke yin zobe, daga ciki dabino da garake na rogo, albasa, rake da kayan miya, a tsakiya kuma sau da yawa kanwa. Mahaifina yana da garka a ɗaya daga cikinsu. Ina ƙarami aka yi yunwar 1984, wadda ake kira El Buhari, kuma rogon wannan garka na cikin abin da ya tsallakar da mu. Kafin in yi aure rairayi ya cinye ta. Mun ce ikon Allah ne, kuma ikon Allah ɗin ne, muka rufe zancen.

A shekararta ta uku, ɗiyata ta dawo hutu da kwamfuta ta aro da wani aikin da malaminsu ya ba su. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Inna nake ce mata. Ta ce: "Baba, ka kai ni inda garkar Kaka take." Na ce: "Inna, babu abin gani a wurin, rairayi ne kawai." Ta nace. Muka hau babur muka je. Na yi ta dube-dube har na gane wata tsohuwar goruba da rabinta ya nutse, na ce daga nan zuwa can ne. Ta fito da waya ta ɗauki lambar wurin da GPS, ta zagaya gindin tudun tana tsayawa tana ɗauka.

Da dare ta buɗe kwamfutar. Ta nuna mini hoton da jirgin sama ya ɗauka na yankinmu a shekarun 1950, zamanin da hukumar taswira ta Faransa ta ɗauki hotunan ƙasar nan. Kwarin ya fito baƙi ƙirin saboda yawan itatuwa. Sai ta ɗora hoton tauraron ɗan Adam na kwanan nan a kansa, kamar yadda ake ɗora takarda mai shara-shara a kan zane. Baƙin ya tsuke, fari ya shigo masa ta gefe ɗaya. Ta sa ɗigon da ta ɗauko da rana, ya faɗa cikin farin, can ciki. Ta ce: "Ga garkar Kaka."

Ban yi magana ba na ɗan lokaci. Abin da ya taɓa ni shi ne farin bai shigo ta ko'ina ba. Ta arewa maso gabas ya shigo, ta inda iskar hunturu ke busowa. Inna ta nuna mini cewa a tsohon hoton tudun da ke wannan gefen yana da ɗigo-ɗigon ciyayi da itatuwa, a sabon kuma ya zama tsirara. Ta yi mini bayani: fari na shekarun 1973 da 1984 ya kashe abin da ke riƙe da tudun, sara da kiwo suka ƙarasa sauran, iska ta samu rairayi a sake ta riƙa kwasa tana zubawa cikin kwari. Wato abin da muka ɗauka ya faɗo mana dare ɗaya, tafiya ce ta shekaru, tana da hanya, tana da alƙibla, kuma da akwai mai auna ta da an san inda za a tare ta.

Daga ranar na shiga yi mata tambayoyi kamar ɗan aji ɗaya. Ga abin da na fahimta, a taƙaice, don iyayen da suke inda nake a da.

Abu na farko da ake koya musu shi ne karanta ƙasa daga sama. Tun 1972 taurarin Amurka masu suna Landsat ke ɗaukar hoton duniya, kuma tun 2008 hotunan kyauta ne ga duk mai intanet. Kowane ɗigo a hoton yana wakiltar fili mai mita 30 a kowane gefe. Na Turai masu suna Sentinel-2, da aka fara harbawa a 2015, suna sauka har mita 10. Ɗalibi yana ɗora waɗannan hotuna a manhaja irin QGIS, wadda ita ma kyauta ce, ya haɗa da inda rijiyoyi suke, da burtali, da gonaki, da makarantu, ya ga abin da ido ba ya gani daga ƙasa.

Na biyu shi ne tsara amfani da ƙasa: ina ya kamata a yi gini, ina za a bar wa dabbobi hanya, wane tudu ne za a fara kafewa idan kuɗin bai isa a kafe duka ba. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, amma kwamiti ba ya raba gardamar manomi da makiyayi da kyau idan babu wanda ya iya auna burtali ya sa shi a takarda.

Na uku shi ne binciken illar aiki kafin a fara shi. Dokar muhalli ta 29 ga Disamba 1998 ta tanadi haka, wata dokar ta 14 ga Mayu 2018 ta ƙara fayyace shi. Kafin a shimfiɗa hanya, ko a haƙa ma'adini, ko a ja bututu irin wanda ke kawo ɗanyen mai daga Agadem zuwa matatar SORAZ, sai an bincika me zai faru da ruwa, da makiyaya, da gonaki, kuma sai an saurari mutanen wurin. Wani ne zai rubuta wannan rahoto. Idan ba ƴaƴanmu ba ne, to baƙo ne da zai kwana biyu ya tafi.

A nan ne na tuna wata makarantar ƙauye da na taɓa koyarwa. An gina mana azuzuwa uku masu kyau, da siminti da kwano. Ranar da aka zo auna fili, wani dattijo ya ce a matsa da ginin bayan gari ta yamma, domin wurin da aka zaɓa bakin iska ne. Ba a saurare shi ba, saboda filin ya fi kusa da hanyar mota. Ƙofofi da tagogi kuma aka sa su suna fuskantar tudun. Kafin in bar garin, kowace Litinin da kwasar rairayi muke fara karatu, yara da kwanoni da tsintsiya, aji ɗaya kuma mun daina buɗe tagoginsa. Ba mugunta aka yi mana ba. An rasa wanda zai tsaya ya tambayi iska ta ina take zuwa. Dattijon ya san amsar amma ba shi da takarda, masu takarda kuma ba su san wurin ba.

Ba yau aka fara nazarin kwarurrukanmu ba. Malaman jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, tare da takwarorinsu na Beljiyam, musamman na Liège, sun yi shekaru suna auna tafiyar rairayi a wurare irin su Tchago da Kilakina. An yi shirin PLECO na yaƙi da binnewar kwarurruka a Gure da Maine-Soroa. Mun ga yadda ake kafe tudu: a kafa shingaye na kalimbo ko na sandunan kabar goruba a gicciye da iska, wani lokaci a yi su gida-gida kamar dara, da damina a dasa itatuwa a watsa irin ciyawa, sannan a tsare wurin daga dabbobi har ya kama. Abin da ya canza shi ne karatun ya matso kusa. A da sai Yamai. A 2010 aka kafa jami'o'in Damagaram, Maraɗi da Tawa, a 2014 aka ƙara da ta Diffa da wasu uku. Yau ɗan Gure yana iya koyon wannan ilimi ya dawo gida hutu a mota ɗaya.

Akwai misalin da ya kamata kowane malami ya sani. A shekarun 1980 manoman Maraɗi suka fara sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa a gona ana gyara shi maimakon a sare. Wani ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, na cikin waɗanda suka yaɗa shi. Manoman kudancin Damagaram ma suka cika gonakinsu da gawo. Shekara kusan ashirin duniya ba ta lura ba, sai da masu bincike suka gwada tsofaffin hotunan sama da sababbi, aka ƙiyasta cewa fili mai kimanin hekta miliyan 5 ya sake yin itatuwa. Manomi ne ya yi aikin da addarsa, amma mai taswira ne ya sa aka yarda.

Ba zan ɓoye abin da ke damuna ba. Yawancin abin da ake rubutawa a kanmu da Faransanci yake, a ajiye a ɗakunan karatu. Ɗalibi ya zo ƙauye, a ba shi fura da wurin kwana, dattawa su zauna su amsa masa tambayoyi, ya tafi ya samu digirinsa, ba a sake ganinsa ba. Na faɗa wa Inna wannan kai tsaye. Na ce: "Idan kin gama, ki buga taswirar nan babba, ki kai wa mai gari, ki yi bayani da Hausa da Barbarci a gaban jama'a. In ba haka ba kin ci amanar furar da kika sha." Ta yi dariya, amma ta yi alƙawari. Ina roƙon malaman jami'a su mayar da wannan sharaɗi, kada ya tsaya a kan ganin dama. Akwai kuma maganar aiki, wadda yayana ya tayar, kuma yana da gaskiyarsa. Ba kowane mai wannan digiri ke samun albashi da wuri ba. Sai dai ma'aikatar muhalli, da ofisoshin magajin gari, da kwamitocin filaye, da ƙungiyoyin raya karkara, da cibiyar AGRHYMET ta Yamai duk irin waɗannan hannuwa suke aiki da su, kuma zaman jiran aiki bai bar masu sauran digirori ba.

Amma babban gyaran a hannunmu yake, mu malaman firamare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Bana na canza yadda nake koyar da darasin. Na fitar da ƴan ajina waje, muka zana taswirar makaranta a ƙasa da duwatsu da kara, sannan muka mayar da ita kan allo. Na tura kowa ya tambayi kakansa me ke wurin kaza lokacin yana yaro. Suka dawo da labarin rijiyoyin da suka ƙafe da kurmin da babu shi, har da wata kasuwa da ta tashi. Muka kafa turke a gaban ƙaramin tudun da ke bayan makaranta, kowane farkon wata yara biyu su je su auna da igiya tazarar da ta rage, mu rubuta a bango. Babu kwamfuta a cikin wannan, babu ko dala da aka kashe. Sufeto da ya zo duba aiki ya tsaya ya karanta lambobin, ya tambayi wata yarinya me suke nufi. Ta ce: "Mushe, tudun ne ke tahowa, muna ƙirga takunsa."

Iyaye ƴan'uwana, idan takarda ta fito aka tura ɗanku wannan fanni, kada ku yi masa zaman makoki kamar yadda na yi. Ku tambaye shi me ake koya masa, ku kai shi gonar da kuka rasa, ku haɗa shi da tsofaffin da suka san tarihin kowane tudu. Inna na shirin rubuta kundinta na ƙarshe a kan kwarin da ke maƙwabtaka da na mahaifina, wanda har yanzu dabinonsa ke haihuwa, kuma rairayi ya fara leƙo shi ta gefen da ya leƙo namu. Yayana, mai tambayar me ake ci da wannan karatu, yana da garka a can. Makon jiya shi da kansa ya zo ya tambaye ni yaushe za ta dawo hutu.

Allah ya yi wa ƴaƴanmu albarka, ya ba mu damina mai amfani.