Randar Gawi da Tangaran ɗin Sin

A Waliya, unguwar da ke hayin kogin Shari a Injamena, zafin Afrilu kan haura digiri 40, wutar lantarki kuma ba abin dogaro ba ce. Shi ya sa har yanzu randa ke da daraja a nan fiye da a gidaje da yawa na birnin Kano, inda roba da firji suka ture ta. Matan Kotoko na ƙauyen Gawi, kimanin kilomita 10 daga birnin, sun yi suna a ginin tukwane. Sana'ar ana danganta ta da mutanen Sawo na da, waɗanda har mamatansu sukan binne cikin manyan randuna.

Aikin matan Gawi dangin na maginan Mirya ne kusa da Damagaram: a gina da hannu, a goge, a gasa a fili. Ba a toshe jikin randa. Ruwa na tsattsafowa ta ƙofofin da ido ba ya gani, iska ta busar da shi, na ciki ya yi sanyi.

Sinawa wata hanya suka bi. A Jingdezhen ana gasa farin yumɓu a wuta mai zafin digiri kusan 1,300, har abin da aka shafa masa ya narke ya zama gilashi. Launin daga ma'adinai yake fitowa. Baƙin ƙarfe kan ba da kore idan an rage wa wutar iska. Jan ƙarfe ya ba da ja irin na jinin sa, wanda ya shahara a zamanin Sarki Kangxi (1662–1722). Shuɗi kuwa daga kobal ne, da ake kawowa daga Farisa a ƙarni na 14. Akwai tuluna biyu masu zanen shuɗi a gidan tarihin Birtaniya da ke Landan, rubutun jikinsu ya nuna shekarar 1351.

Mai raina randa don ba ta sheƙi, a ganina, bai san aikinta ba. Sheƙin muna sonsa, sayensa dai muke yi: samira da fanteka da tangaran a jeren amarya.

An taɓa haɗa hanyoyin biyu. Michael Cardew ya buɗe makarantar tukwane a Abuja, Suleja ta yanzu, maginiya Ladi Kwali ta shiga a 1954. Tulunanta na Gwari suka sami ruwan gilashi, suka yi kyau, suka kai Landan. Sai dai sun yi nauyi, sun kuma daina sanyaya ruwa.