JAKAR DA BA TAKA BA

Akwai wani al'amari da na daɗe ina juya shi a raina, musamman idan na ga ana rakiyar masu tafiya Umara daga unguwanninmu na cikin birni, daga Yakasai ko Mandawari, ana ta "Allah Ya kai lafiya".

A watan Disamba na 2018 wata ɗaliba 'yar Kano ta tafi Umara tare da mahaifiyarta da 'yar uwarta. Jami'an Saudiyya suka kama ta a masaukinta a Madina, saboda an samu ƙwayar tramadol a cikin wata jaka mai ɗauke da sunanta. Hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a can yana kaiwa ga kisa. Sai da hukumar NDLEA ta bi diddigi a nan gida, sannan ta gano wasu ma'aikata a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da ke liƙa sunan matafiyi a jikin kayan da bai san da su ba. Gwamnatin Nijeriya ta miƙa wannan hujja ga Saudiyya, aka sake ta ranar 30 ga Afrilu, 2019, bayan kimanin wata huɗu a tsare. A 2025 ma an sake yin irin haka da wasu maniyyata uku, su ma binciken gida ne ya kuɓutar da su.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, alƙalin can jaka kawai yake gani, da suna a jikinta. Hannun da ya liƙa sunan yana Kano. Rabin gaskiyar na wannan ƙasa, rabi na waccan, kuma muddin ba a haɗa su ba, to wanda aka zalunta shi zai hau kujerar mai laifi. Duk wanda ya karanta Suratu Yusuf ya san cewa samun abu a cikin kayan mutum bai isa ya mai da shi ɓarawo ba. Malaman fikihu kuwa sun ɗora kawo hujja a wuyan mai tuhuma, suka ce shubuha tana tunkuɗe haddi.

Amma kada mai karatu ya zaci ina neman a sassauta wa dillalai ne. Ina zaune a cikin ganuwa, ina ganin samarin da ƙwaya ta mayar abin tausayi a lungunanmu, wasu tare muka yi makarantar allo. Uwar da ɗanta ya haukace ita ma tana da haƙƙi, ko da yake ba wanda ya taɓa yi mata gangami a intanet. Haƙƙinta shi ne a kamo ainihin mai kayan. Kashe wata baiwar Allah a Saudiyya ba zai share mata hawaye ba, tunda dillalin yana nan yana shirya wata jakar.

Wani abu kuma yana damuna. Ɗalibar nan mahaifinta ya tsaya tsayin daka, 'yan jarida suka ɗauka, har magana ta kai fadar shugaban ƙasa Muhammadu Buhari. To, tsohuwar da ta sayar da akuyoyinta ta biya kuɗin kujera, ba ta jin Larabci balle Turanci, wa zai nema mata tafinta da lauya? Wa zai tilasta a duba hotunan kyamarar filin jirgi kafin a yanke mata hukunci?