Majami'ar Masu Wucewa

Yawancin masu shiga Gaya ba zama ya kawo su ba. A da, kayan da suka sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, jirgin ƙasa ya kai su Faraku inda dogo ya ƙare, babbar mota ta kwaso su zuwa Malanbil, a haye gada, a kwana a duwan ana jiran takarda, gobe ko jibi a nufi Doso da Yamai da Maraɗi. Wanda ya fito daga Najeriya ta Kamba shi ma hanya ce a gabansa. A wannan gari na tashi, a shekarun 1980, cikin wata 'yar majami'a wadda ko fastonta ba ya iya faɗin yawan mutanenta. Wata Lahadi benci ya cika har yara su koma ƙasa, wata Lahadi kuwa mu ne kawai, gidajen nan kaɗan da suka kafa turke a garin.

Gidanmu na cikinsu. Baba mutumin Arewa ne, daga wani ƙauye kusa da Dogon Dutsi, ya karɓi addinin Almasihu lokacin da ya yi doguwar jinya a asibitin Galmi, wanda mishan na SIM suka buɗe a 1950. Inna 'yar Tsibiri ce, ta gaji abin tun daga iyayenta. Aikin gyaran mota ya kawo su bakin kogi. Sauran kuwa, akwai malaman lakwal 'yan Benin da Togo, magina, Yarabawa masu atamfa da kayan koli, Inyamurai masu sayar da kayan mota, wasu Gurmawa, da wani jandarma ko ma'aikacin likita da aka turo ya yi shekara biyu ya wuce. 'Yan Katolika suna da nasu wurin, muna gaisawa, muna zuwa jana'izar juna.

Ɗakin sujadar na laka ne, an yi masa azara da giginya, kamar kowane ɗaki na kirki a ƙasar Dandi. Tsohon gammon garma aka rataye a jikin bishiyar dalbejiya, shi ne ƙararrawa. Sujada tana da tsawo ƙwarai, domin kowace magana sai ta bi ta baki uku: fasto ya faɗa da Hausa, wani malami ya juya da Faransanci, wani ya maimaita da Dandanci saboda masu leƙe ta taga da matan da ba su jin ko ɗaya. In fasto ya yi raha, dariya sau uku ake yi, kowace ta fi ta baya rauni. Tsofaffi suna riƙe da Littafi Mai Tsarki na fassarar 1932, matasa sun sayo sabuwar fassara, saboda haka in an ce a karanta aya tare sai ka ji murya ta rabu biyu, kowa ya dage a kan tasa.

Waƙa ce take haɗa mu. Mata sukan zauna gefe guda da tulunan da suke bugawa a baki da tafin hannu, da caki, a ɗauko waƙa daga Littafin Waƙoƙi a hankali yadda Turawa suka koyar, kafin a kai baiti na uku an mayar da ita ta gida. Baba bai taɓa sakin jiki da wannan ba. A inda ya fito, kiɗa da goge na masu bori ne, kuma waɗanda suka koya masa addini sun hana shi ganga. Yakan tsaya ƙyam da littafinsa, amma babban yatsan ƙafarsa yana bin tulu. Mu yara muna kallon yatsan muna zungurar juna.

Akwai wani tsoho kafinta, mutumin kudancin Benin, wanda ya ƙera dukan bencin. Ba ya cewa Benin, sai Dahome. Yana cikin waɗanda aka kora daga Nijar a ƙarshen 1963, lokacin da rigimar tsibirin Lete ta ɓaci tsakanin ƙasashen biyu. Ta wannan gadar tamu aka fitar da su, da tabarmi da tukwane a ka. Bayan ƙura ta lafa ya dawo, amma bai ƙara wuce Gaya ba. Yakan ce gara ya zauna inda in an sake cewa a fita, da ƙafa zai tafi. Tsibirin dai kotun duniya ta Hague ta yanke a 2005 cewa na Nijar ne, tsohon bai ga wannan rana ba. Shi ya kafa dokar da ba a rubuta ba, cewa ba a kulle ɗakin sujada da dare. Duk wanda mota ta lalace masa, ko aka riƙe takardunsa, ko kuɗinsa ya ƙare, in ya yi tambaya a tasha za a nuno masa wurinmu. Masu nunin ma Musulmi ne, 'yan kamasho, sun san inda ake kwana kyauta.

Dattawan ikkilisiya maza ne, su ke zama taro su rubuta a littafi. Amma mulki yana hannun Zumuntar Mata. Kowace mace in za ta ɗora sanwa sai ta ɗebe tafi ɗaya na gero ko shinkafa ta zuba a wata ƙwarya daban, ranar taron mata a kai a juye cikin buhu. Daga wannan buhu ake ciyar da baƙo, a kai wa mai jego kunu, a kai wa wanda ke kwance a likita ba mai jinya. Suna da adashi, suna da ankon zane, suna kuma da tsegumi, kada in ɓoye. Matar da ba ta kawo tafinta ba mako biyu a jere, za ta ji a jikinta ba tare da an kira sunanta ba.

Aikin da ya fi zauna mini a rai shi ne binne baƙi. Ina 'yar yarinya aka zo aka buga ƙofa da asuba, wai wani karen mota ɗan Togo ya rasu a ƙarƙashin mota a bakin duwan, zazzaɓi ya kayar da shi, direbansa ya ce Kirista ne, ga gicciye a wuyansa. Ba wanda ya san shi a cikinmu. Ba a tambayi ko ɗan wace ɗarika ba ne. Maza suka ɗauko shi, tsohon kafinta ya ɓalle wani benci ya haɗa akwati, Inna ta fito da sabon zanen da take ajiya. Ƙasar maƙabartarmu marmara ce, diga na tsalle a kanta, kuma mazanmu ba su da yawa. Maƙwabcinmu, malami ne mai almajirai, ya turo manyan ɗalibansa da diga da shebur. Suka haƙa har ya yi zurfi, suka koma gefe suka tsaya nesa kaɗan har muka gama waƙa. Da Baba ya je godiya, Malam ya ce, "Haba maigida, baƙonka annabinka. Gawa kuma ba ta jira."

Abin da aka samu a aljihunsa, katin shaida da 'yan kuɗi, aka ƙirga gaban shaidu, aka sa a ambulan, aka ba wani direban da zai sauka Lome. Bayan damina ta wuce sai ga wata tsohuwa da garwar manja, ba ta jin Hausa, ba ta jin Faransanci. Uwarsa ce. Aka kai ta ta ga wurin, ta kwana a ɗakin Inna, suna magana da hannu. Har yau in na ji ana kirarin aikin bishara da manyan kalmomi, wannan ambulan nake tunawa, da yadda aka ƙirga kuɗin sau biyu.

Faifan baiko kuɗi iri biyu yake tarawa, sefa da naira, kuma a lokacin naira na da daraja. Ma'aji yana ware nairar gefe, don an shirya sayo kwanon rufi daga Najeriya inda ya fi araha. A watan Afrilu na 1984 gwamnatin soja ta can ta canza launin takardun naira, ta rufe iyaka, aka ba da 'yan kwanaki a kai tsofaffin kuɗi banki. Namu suna cikin gwangwani a Gaya, ba hanyar kai su. Tarin shekaru ya zama takarda. Iyakar ba ta buɗe ba sai Maris na 1986, Inyamurai da Yarabawanmu da yawa suka watse, benci ya yi fili.

A shekarar 1984 ɗin kuma ruwa ya ƙi. Mutanen Maraɗi suka raɗa wa yunwar suna El-Buhari saboda ta zo tare da rufe iyakar da gwamnatin sojan Buhari ta yi. A watan Yuni na 1985 kogin Kwara ya daina gudu a Yamai. Gaya ce ta fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, don haka jama'a suka gangaro mana daga Zarmaganda da Filinge da Adar: Fulanin da shanunsu suka ƙare a hanya, Buzaye, mata da goyo. Gadar Benin a buɗe take, matanmu 'yan kasuwa suna haurawa Malanbil su sayo masara da garin rogo. Buhun Zumuntar Mata ya koma tukunya a ƙofar majami'a kowace yamma. Matar Malam, Hajiya, ita ta ba da aron babbar tukunyar da take dafa wa almajirai.

A nan rigima ta tashi a cikinmu. Wani saurayi mai bishara, sabon fitowa daga makarantar Littafi Mai Tsarki, ya ce Allah ne ya kawo mutanen nan har ƙofa, bai kamata a zuba wa kowa ba sai an yi gajeren wa'azi. Wasu dattawa suka goyi bayansa. Aka kira mata don a sanar da su, ba don a ji ra'ayinsu ba. Inna ta durƙusa yadda ta saba, ta ce, "Baba Fasto, a yi mini gafara. Mai jin yunwa amin zai ce wa kome. In mun yi haka, gobe garin nan zai ce da kunu muke sayen mutane, kuma tukunyar ma ta Hajiya ce." Aka yi shiru. Abin da aka tsayar shi ne a yi addu'a a madafa kafin a fito da abinci, wanda ya yi tambaya a ba shi amsa, wanda bai yi ba a cika masa ƙwarya ya tafi.

Saurayin nan ba mugu ba ne, ya gaskata abin da yake faɗa, kuma shi ya fi kowa ɗaukar itace. Amma ina ganin Inna ta fi shi sanin inda muke. Kiristoci a Nijar 'yan tsiraru ne ƙwarai, mu kuma a Gaya yawancinmu baƙi ne, ba mu da gona, ba mu da sarauta. Abin da muke da shi kawai shi ne yadda ake ganinmu. Ban san ko mutum ɗaya da ya shiga addininmu saboda tukunyar ba. Abin da na sani, bayan yunwar, in yara suka bi mu da waƙar tsokana a hanyar lakwal, akan samu babba ya daka musu tsawa tun kafin mu kai ƙara.

Kada a ɗauka zaman lafiya lau ne. Dangin Baba sun raba gado ba shi. Yayata ta daɗe ba aure don samarin ikkilisiya wucewa suke yi, na gari kuma sai ta bar addininta. Ranar Kirsimeti mu ke yawo da kwanonin shinkafa da nama gida gida, kuma Baba yakan kira mahauci Musulmi ya yanka ragon don kowa ya ci ba shakka. Duk da haka akwai gidan da ake karɓa a ƙofa a zuba wa kaji, mun sani. Ranar layya naman maƙwabta yakan cika mana faranti, a cikinmu ma akwai masu cewa bai halatta a ci ba. Inna tana soyawa, su ma in sun zo suna ci ba su tambaya.

Bayan Babban Taron Ƙasa na 1991 ƙungiyoyi suka yawaita, na Musulmi da na Kirista, kowa ya sayi lasifika. Majami'u sababbi suka shigo daga Najeriya da Benin da janareta da wa'azin arziki. Ni na tafi karatu Yamai, aure ya riƙe ni a can. Ina can a Janairu na 2015 da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai bayan zanen jaridar Charlie Hebdo. 'Yan sanda sun ƙirga 45 a Yamai kaɗai. Tun daga nan majami'u da yawa suka yi katanga da ƙofar ƙarfe da mai gadi. Ban ga laifinsu ba, sai dai baƙon da ya sauka a tasha da dare ba ya ƙwanƙwasa irin wannan ƙofa.

Ƙanwata ce ta zauna a gida, yanzu tana cikin shugabannin Zumuntar Mata. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli na 2023, da CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi aka toshe gada, manyan motoci suka yi layi a gefen Malanbil, mutane suka koma ƙetare kogi da kwalekwale, da kaya da babura da marasa lafiya. Wanda ya haye da magariba ba ya samun motar Doso sai gari ya waye. Ta bugo mini waya, ko gaisuwar kirki ba ta gama ba ta ce, "Yaya, ɗakin Lahadi na yara ya cika da mutane. Shinkafa 'yan kasuwa sun ɗauki nauyinta, abin da babu shi ne tabarmi da gidan sauro." Na ce zan ba wani direba da na sani ya kawo mata kuɗin. Ta ce a'a, in tura ta waya yau ɗin nan, direba sai ya kwana uku a hanya.