Tseren Da Ba A Tashi Tare Ba

'Yan uwa marubuta da masu sha'awar rubutu, Hausawa kan ce in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abin da ya tuna mana da wannan karin magana shi ne irin rigimar da aka daɗe ana tafkawa a Amurka game da tallafin karatu da guraben jami'a da ake keɓe wa baƙar fata da sauran tsiraru. Tun a 1994 wata kotun ɗaukaka ƙara ta soke tallafin da Jami'ar Maryland ta ware wa ɗalibai baƙar fata. A 1996 mutanen jihar Kalifoniya suka kaɗa ƙuri'ar hana duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a jami'o'in gwamnati. A watan Yuni na 2023 kuwa Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke irin wannan hukunci a kan Jami'ar Harvard da ta North Carolina, kuma nan da nan Jami'ar Missouri ta daina duba launi wajen rabon tallafi.

Mai karatu zai iya cewa, ina ruwan biri da gada? To, da ruwa, domin mu ma muna da namu gemun. A Nijeriya jihar mutum ake dubawa. Bisa ƙa'idar ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya, kashi 45 cikin 100 na gurabe ana bayar da su ne bisa yawan maki, kashi 35 na 'yan jihohin da ke kewaye da jami'ar ne, ragowar kashi 20 kuma na jihohin da aka ce an bar su a baya wajen ilmin boko. Jiharmu ta Katsina tana cikin wannan rukuni na ƙarshe, tare da Kano da Sakkwato da Zamfara, har ma da wasu jihohin Kudu irin su Bayelsa da Ebonyi. Tushen abin shi ne aƙidar raba-daidai da ta shiga tsarin mulki a 1979, aka kuma maimaita ta a sashe na 14 na tsarin mulkin 1999.

Masu son a rushe wannan tsari ba su yi barci ba. A 2013, da aka fitar da makin shiga makarantun sakandaren tarayya, aka ga ana neman maki 139 daga ɗan Anambara, alhali ɗan Yobe maki 2 ya ishe shi. Jaridu suka ɗauki zafi, babban lauya Olisa Agbakoba ya garzaya kotu, a ƙarshen 2014 kuma Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta ce wannan bambanci ya saɓa wa sashe na 42 na tsarin mulki, wanda ya haramta nuna wariya. Tun daga nan, duk lokacin da aka tada zancen gyaran tsarin mulki sai wannan magana ta sake tasowa.

Gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Yarinyar da ta kwana karatu a Onica ta ci maki 130 aka ce ta koma gida, tana da hujjar yin kuka, kuma wanda duk ya raina kukanta bai yi adalci ba. Amma ita ma tata hujjar tana da iyaka, domin kafin a yanke hukuncin tsere ai a kan duba inda kowa ya tashi. An buɗe makarantar sakandare ta farko a Legas a 1859, Kwalejin Katsina kuwa sai a 1922 aka yi bikin buɗe ta, ratar shekara 63 ke nan, ga shi kuma Turawan mulkin mallaka sun taƙaita shigar makarantun mishan cikin masarautu ba tare da sun gina nasu masu yawa ba.

Wannan tarihi ne, sai mu dawo kan abin da idonmu ya gani a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara suka kora yara cikin daji kamar garken awaki, sai bayan kwana shida aka sako 344. Gwamnati ta rufe makarantun kwana a lokacin. A Satumba 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da namu uku, aka yi watanni babu kira balle intanet. Mun san ƙauyukan da malami ya daina zuwa domin tsoron hanya, mun san iyalan da suka bar gona da rumbu suka tare a gari, yaran da ya kamata a ce suna aji suka koma talla da dako. Ga shi tun 2015 jarrabawar JAMB a kan kwamfuta ake yin ta. Yaron da bai taɓa ɗora yatsa a kan na'urar ba sai ranar jarrabawa, shi za a gwada da wanda ya tashi da ita a ɗakin kwanansa, sannan a ce maki ne kaɗai alƙali?

Da yawa daga cikinmu da muka je jami'a daga wannan yanki mun sha gori a wurin abokan karatu, cewa alfarma ce ta kawo mu. Mun haɗiye, muka duƙufa, wasunmu ta makarantar sharar fage ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtuwa suka bi, suka kuma fita da sakamakon da ya rufe bakin masu gorin. Wannan ya nuna mana cewa ƙarancin maki a ƙofar shiga sau da yawa shaidar irin makarantar da yaro ya fito ce, kwanyarsa kuwa lafiya lau take.

Sai dai akwai abin da ya fi gori ci mana rai. Da yake da sunan jiha ake rabon, wa ke cin kason Katsina? Ɗan babban ma'aikaci da aka haifa a Abuja, ya yi makarantar kuɗi tun daga rainon yara, bai taɓa kwana a Daudawa ko 'Yankara ba, rana ɗaya za a karɓo masa takardar shaidar ɗan asalin Faskari, ya shige da ita. Ɗan manomin Damari ko na Pauwa, wanda dominsa aka ƙirƙiro tsarin, bai ma gama firamare ba balle ya kai bakin ƙofar da ake rabon. Tuwon da aka tuƙa domin mayunwaci, ƙosasshe ne ke sa hannu. Bashin karatu da Gwamnatin Tarayya ta fara bayarwa a 2024 shi ma sai wanda ya riga ya sami gurbi yake amfana.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne, rushe tsarin a wannan hali daidai yake da ƙwace sandar gurgu tun ƙafarsa ba ta warke ba, barinsa yadda yake kuma ha'inci ne ga talaka. A gyara ma'aunin. A duba makarantar da yaro ya yi da ƙarfin gidansu, ta yadda ɗan makarantar gwamnati ta ƙauye zai sha gaban ɗan makarantar kuɗi wajen kason. A riƙa buga yawan waɗanda suka amfana daga kowace ƙaramar hukuma. Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa kujera ɗaya suke da ita a Majalisar Wakilai, don haka ba wuya mu haɗa baki mu tambayi mai riƙe da ita da 'yan majalisar jiha: yaranmu nawa suka shiga jami'a bana, kuma azuzuwa nawa ne babu malami?

Mu kuma masu alƙalami, ga namu kason aikin. Littattafanmu sun cika da benaye da manyan motoci da samarin da suka dawo daga Landan. Ina labarin yarinyar Sabuwa da ta haddace darasinta a hasken tocilan, ko na yaron da ya dawo daga daji ya sake ɗaukar jakar makaranta duk da roƙon da mahaifiyarsa ta yi masa? Mutumin Legas ko Inugu lamba kawai yake gani a jarida, 2 da 139. In ba mu rubuta masa rayuwar da ke bayan lambar ba, da lambar zai yi mana hukunci. Allah Ya ba mu ikon rubutawa, Ya kuma dawo da zaman lafiya ƙauyukanmu, amin.